Ayoyin Ranar Kububuwa

Murna da Nuhu, tun da kuka dawo daga gida bara nake ganin akwai magana a bakinku. Ita Murna dama ba ta iya ɓoye abu ba, tun tana ƙarama in ta fasa kofi fuskarta ce ke fara kai ƙara. Daga baya na ji abin da aka gaya muku a ƙauye: wai a shekarar da aka rufe laburaren da babanku ke aiki ya kusa barin addini, wai Alhaji Sabo maƙwabcinmu ne ya yi ta yawo da shi a mota yana hure masa kunne, da ƙyar aka ceto shi. Wanda ya faɗa muku wannan bai taɓa taka Manchester ba. Ni kuwa ina cikin gidan, ina cikin motar ma. Babanku ba ya nan balle ya kare kansa, ko da yana nan ɗin ma kun san ba zai yi ba. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda aka yi tun idona yana gani.

Sai na fara da kakanku, Baba Nomau, don in ba ku san tushen abin ba, ba za ku ji nauyinsa ba. Bamaguje ne, manomi a kudancin ƙasar Katsina, bai san coci ba, bai san masallaci ba. Wata kaka yana yankan dawa kububuwa ta sare shi a ƙafar hagu. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi turare, jini ya ƙi tsayawa har ta dasashi yake fita, mata suka fara kuka. Sai ga wani baƙo mai bishara a kan keke, hanya ce kawai ta biyo da shi. Ya durƙusa ya buɗe littafinsa, ya karanta wa Baba ayoyin ƙarshe na mafi gajarta a cikin littattafan Bishara huɗu, waɗanda ke maganar macizai da ɗora hannu a kan marasa lafiya. Sannan ya sa aka ɗaure masa Baba a baya da zane kamar goyo, ya tuƙa keken nan har asibitin mishan. Baba ya tashi. Ya koma ƙauye da tabo a ƙafa da sabuwar bangaskiya a zuciya. Baƙon kuwa ya yi gaba abinsa, a cikin ruɗani ba wanda ya tuna ya tambayi sunansa. Har yau a gidanmu Mai Keke ake ce masa.

Tun daga nan, duk kaka in sabuwar dawa ta shigo gida, sai a taru a yi tuwo a karanta ayoyin nan. Ita ce Ranar Kububuwa da kuka taso kuka ga ana yi. Baba yakan naɗe ƙafar wandonsa ta hagu ya nuna tabon kafin a fara, da ya rasu kuma sai mai karatu ya gaji naɗe wandon, ko da ƙafarsa sumul take. Yaya Ishaku, wan babanku, shi ke karantawa a ƙauye har idonsa ya yi rauni. Da wayar da ake ganin juna ta zo, sai aka mayar da karatun hannun babanku. Yana tsaye a falonmu na unguwar Cheetham Hill a nan Manchester, ruwa na dukan taga, ƙauri a waje fari fat don ya ƙi jinin shafa mai, dangi kuma can suna zaune a tabarma a ƙofar gida suna sauraro. Nakan yi masa dariya, amma a raina babu ranar da nake jin mu mutane ne masu asali kamar wannan rana.

Shekarar da nake ba ku labari, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, komai na unguwa ana rufewa. Aka rufe wurin wasan yara, aka rufe ɗakin shan shayin tsofaffi, sannan aka zo kan ɗan laburaren da babanku ya daɗe yana jera wa littattafai. Ni ina aikina na nas, wani mako safe wani mako yamma, shi kuma yana gida yana goge abin da ya riga ya goge. Namiji mai son tsari in ya rasa abin tsarawa, kan matarsa yake komawa. Ranar da na tarar ya jera mini kayan miya bisa haruffa, daddawa kusa da dabino, na ce a'a, lallai a nema wa bawan Allahn nan abin yi. Ni na ga sanarwar wani kwas a jami'ar da ke Edgbaston, can Birmingham, a kan tarihin yadda littattafan Sabon Alkawari suka zo hannunmu, rana ɗaya a mako. Shi mai karatu ne a cocinmu shekara da shekaru, na ce wannan ai nasa ne. Ni na tura shi, kuma ko yau aka dawo da ni zan sake tura shi.

Matsalar ita ce hanya, don jirgin ƙasa ya fi ƙarfin wanda ba shi da aiki. Nan Alhaji Sabo ya shigo. Bakano ne, injiniya, gidansa na kallon namu, kuma a duk layin mu biyu ne kawai ake jin Hausa ta tagoginmu. Matarsa Hajiya Bilki ita ce abokiyar kukana. Da Sallah nama na shigo mana, da Kirsimeti ni ma nakan je wurin mahaucin da suke saye in yi musu nasu dabam. A lokacin Alhaji na da aiki a Aston, can Birmingham ɗin, duk ranar Talata. Da ya ji labari ya ce kujerar gaba babu kowa, kuma shi ma yana neman wanda zai hana shi gyangyaɗi a hanya.

Makonnin farko babanku yakan dawo kamar yaron da aka kai kasuwa. Ina gugar kayan aiki yana ba ni labari: ashe littattafan Bishara ba su faɗi sunayen marubutansu a cikinsu ba, daga baya aka sa sunayen a kai bisa abin da magabata suka riƙe. Ashe akwai wata doguwar wasiƙa da tun zamanin da ake gardamar wanda ya rubuta ta. Ashe akwai littattafan da ikilisiyoyin farko suka yi ta karantawa a sujada, daga baya aka ajiye su gefe, wasu kuma aka daɗe ana jinkiri kafin a karɓe su. Sai da aka yi ɗaruruwan shekaru kafin jerin ya zauna yadda muka san shi. Na ce masa to ashe sheƙar hatsi aka yi, ba daga sama ya faɗo da baƙin bango da zif ba. Ya yi dariya ya ce ai ni ya kamata in je ajin. Duk wannan bai girgiza shi ba, daɗi ma yake ji. Sai wata Talata ya shigo ya zauna da rigar sanyinsa a jiki, na ajiye abinci bai ko buɗe ba.

"Malam, lafiya? Ko traffic ne a motorway?"

"Maman Murna, ayoyin Baba ba sa nan."

"Ba sa ina?"

"A kwafe biyun rubutun hannu da suka fi tsufa a cikin cikakkun da ake da su. Littafin ya tsaya ne inda matan nan suka tarar babu gawa, suka fito daga kabarin a guje, tsoro ya kama su, ba su gaya wa kowa komai ba. Shi ke nan. Sauran, har da macizan, wani ne ya ƙara daga baya."

Na so in mayar da abin wasa. Na ce mutumin da ya tsufa a cikin littattafai, bai taɓa ganin ɗan rubutun da ke ƙasan shafi a Littafi na Turanci ba? Ya ce ya sha gani, amma ido ba ya tsayawa inda zuciya ba ta so, kuma shi a tsohon na Hausa na Baba yake karatu, wanda babu irin wannan a ciki. Ba mu san Murna na tsaye a bakin ƙofa ba, lokacin tana sakandare, bakin nan kamar reza.

"So is it fake then, Dad? Grandad's bit?"

Wato ko ayoyin kakanku ƙarya ne. Bai ba ki amsa ba, Murna. Ya dube ki, ya tashi ya haye sama. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro fiye da duk abin da ya faɗa. Daga ranar ya daina ja mana addu'ar safe, ya daina zuwa aji, Lahadi kuma yakan zauna a bencin baya kamar baƙo. Ga kaka na matsowa, dangi na jiran karatu, mai karatu kuwa ko littafin ba ya iya taɓawa. Abin da ya rage masa shi ne tsallaka titi zuwa gidan Alhaji da yamma. Wani daga cocinmu ya gan shi yana shiga, wani ya gan shi a motar Alhaji kusa da masallaci ranar Juma'a, alhali jira kawai yake a idar da sallah su je sayen kayan gyaran famfo. Kafin mako ya zagayo magana ta isa ƙauye da ƙafafu da fukafukai. Yaya Ishaku ya kira ni ya ce in ina da sauran amfani a gidan ɗan'uwansa in nuna yanzu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na ji tsoro, kuma na ji haushi. Na yafa mayafi na tsallaka, na sami Hajiya Bilki a kicin tana yanka alayyafo, na ce mata amanar maƙwabtaka ke nan? Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye wuƙar ta ce gani ya kori ji, in zo in ji da kunnena. Ta kai ni bakin falo, ta yi sallama, muka zauna daga gefe. Babanku bai ma damu da shigowata ba, ya ci gaba da abin da yake faɗa.

"Alhaji, in na ce maka Juma'ar nan zan bi ka ciki fa?"

Alhaji ya daɗe yana juya kofin shayinsa.

"Malam Habila, ba zan ɓoye maka ba, duk wanda nake ƙauna ina yi masa sha'awar addinina, kai ma kana ciki. Amma ni ba na sayen kaya a hannun mutumin da gidansa ke cin wuta. Ba masallaci kake nema ba, gudu kake yi."

Ya nuna wasu manyan littattafai a kan kanta.

"Ka ga waɗannan? Malamanmu sun ƙarar da rayuwarsu suna bin diddigin maganganun da aka jingina wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Wa ya ji daga wa, mai gaskiya ne, sun ma taɓa haɗuwa? Wanda ya bincika ya ce wannan ruwaya tana da rauni, ba ma cewa ya fita addini, babban malami muke ce masa. Ni ban san Linjilarku ba, kuma akwai saɓani tsakanina da kai a kanta wanda ba yau za mu warware ba. Amma kai tambaya ɗaya ka yi wa lecturer ɗinka ka gudo. Ka tambaye ta tun yaushe ake karanta su? Su wa suka karɓa? Talata da safe ina ƙofarka. In ba ka fito ba zan yi ta danna hon har neighbours su kira mana council."

Na koma kicin na riƙe hannun Hajiya Bilki, na fara ba ta haƙuri. Ta ce in bar wannan, in ɗauki wuƙa in taya ta.

Talatar na yi musayar aiki da wata abokiyata, na shiga kujerar baya. Alhaji ya sauke mu a Edgbaston ya wuce Aston. Malamar wata 'yar dattijuwar Baturiya ce, ofishinta babu wurin sa ƙafa don takardu. Ta nuna mana hoton ɗaya daga tsofaffin kwafen a allon kwamfuta, rubutun Helenanci a kan fata, haruffa a jere kamar shuka. Ta sa yatsa inda rubutun ya ƙare, sannan ta nuna mana fili fari da magatakardan ya bari a gaba, ta ce wasu na ganin ya san akwai ci gaba, wasu kuma ba su yarda ba. Ta ce yawancin masana sun tafi a kan cewa ba hannu ɗaya ya rubuta ƙarshen da sauran littafin ba, salon ya bambanta. Amma ta ce tun a ƙarni na biyu akwai wanda ya kawo maganar ayoyin a rubutunsa, wato tun kafin a haifi kakannin waɗanda suka kwafi littattafan nan biyu. Ikilisiyoyi suka yi ta karanta su, ana kwafa ana miƙawa, har yawancinsu suka lissafta su a cikin Littafi. Babanku ya tambaye ta to wa ya rubuta. Ta cire tabarau ta ce ba ta sani ba, kuma babu wanda ya sani. Ta ce ita abin da fatun suka nuna kawai za ta iya gaya masa, karantawa ko bari kuwa tsakaninsa da ikilisiyarsa ne. Na daɗe ina aiki da masu ilimi, kuma na san ba kowa ke iya cewa ban sani ba a gaban ɗalibinsa. Matar nan ta shiga raina.

A hanyar dawowa ruwa na zuba, babanku na kallon taga. Can ya yi magana kamar da kansa yake.

"To in ba manzo ne ya rubuta su ba, me ya tashi Baba?"

Nan haƙurina ya ƙare.

"Malam, ni nas ce, na san abin da dafin kububuwa ke yi wa jini. Allah ne ya tashe shi, ta hannun ma'aikatan asibiti da ƙafafun bawan Allahn da ya tuƙa keke da ƙato a bayansa. Aya ba ta tuƙa keke."

Alhaji ya rage muryar rediyo. Muka yi tafiya mai nisa, sai babanku ya juyo.

"Maman Murna, kin taɓa jin sunan Mai Keke?"

"Ban taɓa ba."

"Ni ma haka."

Da muka isa gida ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari. Da Ranar Kububuwa ta matso na ba shi shawara ya karanta kamar kullum ya yi shiru da sauran, Yaya ya tsufa, ba kowace gaskiya ake kai wa tsoho ba. Ya ce 'yarsa ta yi masa tambaya bai ba ta amsa ba, kuma ba zai tsaya gabanta da wando a naɗe ya yi kamar bai sani ba. Na san abin da zai biyo baya, shi ma ya sani.

Ranar na tuƙa tuwo, muka jingina waya a jikin kwano, dangi suka bayyana a tabarmarsu, Yaya Ishaku a tsakiya. Babanku ya naɗe ƙafar wando. Maimakon ya fara daga ayoyin Baba, sai ya fara daga sama, inda matan suka je kabari da sassafe. Ya karanta har inda suka gudu cikin tsoro, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye har na ji kukan akuya ta cikin wayar.

"Yaya, 'yan'uwa, a nan tsofaffin kwafe suka tsaya. Abin da zan karanta yanzu wani ne ya rubuta daga baya, ba mu san sunansa ba. Da alama ya ga an bar labari a cikin tsoro, ya ɗauke shi ya ƙarasa da shi, magabata kuma suka karɓa. Mu a gidan nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu wanda ba mu san sunansa ba ya ɗauke mu. Ba mu taɓa ƙin Mai Keke don ba shi da suna ba. Murna, ba ƙarya ba ne. Wannan ita ce amsarki."

Sannan ya karanta ayoyin har ƙarshe. Ban taɓa jin ya karanta su kamar ranar ba. Da ya rufe littafin, Yaya Ishaku ya matso da fuskarsa jikin waya.

"Habila, Turawa sun cinye ka."

Ya kashe wayar. Shekaru suka wuce ba su yi magana ba, kuma wannan ya ci babanku fiye da rashin aikin. Dattawan cocinmu na nan su ma suka ɗauke shi daga karatu na wani lokaci, wasu da ke cin tuwona suka manta hanyar gidan. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya koma aji ya gama kwas ɗinsa, ya sami aiki a wani sito a nan unguwa, kuma washegarin Ranar Kububuwar nan shi ya tashe mu addu'ar safe. Yaya ya dawo da gaisuwa daga baya, yakan tambayi sanyi da lafiyar yara, amma bai taɓa yarda ba har ya koma ga Ubangiji. A gidansa kuka ji labarin da kuka ji. Kada ku riƙe shi a zuci, shi ma Baba yake riƙe da shi ta hanyar da ya iya.

Ni dai abin da na sani, na gode wa Allah da shekarar nan duk da ɗacinta. Na gode wa 'yar dattijuwar da ta ce ba ta sani ba. Na gode wa Hajiya Bilki da ba ta rama mini magana ba. Fiye da kowa na gode wa Alhaji Sabo, wanda babanku ya kai masa kansa har falo, ya sa shi a mota ya dawo mana da shi. Ranar da muka binne babanku yana tsaye a bayan jama'a cikin ruwa, babbar riga a ƙarƙashin kwat, kuma shi ya kawo ni gida.

Kaka ta kusa. Nuhu, bana kai za ka karanta. Ka naɗe wandon, ka shafa mai don Allah, ka tsaya inda babanka yake tsayawa, ka gaya wa yaranka dalili, sannan ka ƙarasa. Alhaji kuma gwiwa ta hana shi tuƙi yanzu, Hajiya ta ce mini zai ga likita ranar Talata, kuma na san shi, ba zai roƙi kowa ba. Ka je ka tsaya a ƙofarsa da safe. In bai fito ba, ka yi ta danna hon.